Jan Ƙyallen Baffa

Ni ce na kwance ƙyallayen. Gara in faɗa tun daga farko, domin wata huɗu na yi ina haɗiye wannan maganar, kuma na san halina, in na tsaya kwana-kwana sai in gama labarin ban faɗe ta ba.

Ƙungiyarmu a cikin gidanmu take. Falon Yaya ne ofis, gareji kuma ma'ajiya. Kekunan guragu muke samowa daga masu hannu da shuni, mu raba wa mabuƙata. Yaya ne shugaba, Umma uwar ƙungiya, ni sakatariya. Mai gyara kuwa Baffa ne, ƙanin mahaifinmu, wanda ke zaune a ɗakin bakin ƙofa tun rasuwar Baba. Shekara arba'in ke nan yana gyaran keke a 'yar rumfarsa da ke jikin katangar gidan. Ba ya karɓar ko sisi a aikin ƙungiya, in ma aka yi masa zancen sai ya haɗe rai ya ce shi a wurin Allah yake nema. A takardunmu sunansa ɗan sa-kai.

Baffa yana da wata ƙa'ida da kowa ya sani a gidan. Duk keken da ya duba ya ga matsala, sai ya yago jan ƙyalle daga wani tsohon labule ya ɗaura masa a hannu. Keken da ke da jan ƙyalle ba ya fita daga gareji, ko uban waye ya zo. Ɗaurin ma nasa daban ne, sau biyu yake zagayowa sannan ya cusa bakin ta ƙasa. Ni kaɗai na iya shi a gidan, domin tun ina 'yar firamare ya koya mini, da shi nake ɗaure takalmina.

Wannan karon kekuna arba'in aka kawo mana, duk shuɗi, duk iri ɗaya, masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Kwana biyu Baffa ya yi a tsugune yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Bakwai suka samu jan ƙyalle, duka matsalar birki.

Ranar Alhamis da safe, ranar da masu ba da tallafin za su zo a raba ashirin a gabansu, Baffa ya shirya zai tafi kasuwa sayen wayar birki. Na tare shi a ƙofa da takarda da biro.

"Baffa, sa mini hannu a nan."

"Me aka rubuta, Autata?"

"An ce ka duba kekunan da za a raba, lafiyarsu ƙalau."

"Na duba kuwa. Ban da masu ƙyalle."

"E, ban da su."

Ya jingina takardar a bango ya zana sunansa a hankali, yana cije leɓe. Babu inda takardar ta ambaci ƙyalle.

Ko minti goma bai yi da fita ba Yaya ya sa aka jero kekunan duka arba'in a tsakar gida, wai baƙi su ga yawan aiki. Ya ja da baya ya kalle su, sai ya yamutsa fuska.

"Auta! Mene ne wannan kamar shanyar mahaukaciya? Cire mini waɗannan tsummokaran."

"Yaya, Baffa fa ya ce…"

"Hoto kawai za a ɗauka. In sun tafi ki mayar. Ko so kike su ce kayan da suka ba mu ruɓaɓɓu ne?"

Na kwance su. Na haddace wurin kowanne, na uku a layin gaba, biyu a ƙarshen layi na biyu, haka dai, na cusa ƙyallayen a jakata. Aka ɗauki hoto, kowa haƙora a waje. Daga nan shugabar baƙin, wata mata mai fara'a, ta ce ita fa tana so kowa ya zaɓi kekensa da kansa. Kafin in buɗe baki an dagula layin, wannan ya ja nan, wancan ya tura can. Na tsaya a gefe ina ƙoƙarin riƙe kekuna bakwai shuɗi da ido a cikin arba'in shuɗi. Da na ɗaga murya na ce a dakata, da shi ke nan. Amma ana tafi, Umma tana share hawayen daɗi, Yaya yana jawabi, sai na ji nauyin in ɓata taro.

Da aka watse na rufe kaina a gareji da sauran ashirin ɗin, na bi su ina matsa birki. Na samu shida masu sako-sako, na ɗaura musu. Ƙyalle ɗaya ya rage a hannuna. Na sake bi, na sake bi, babu. Na san abin da hakan yake nufi, wallahi na sani. Na ji sallamar Baffa daga waje, sai na ɗaura shi a keken da ya fi kusa da ni, irin ɗaurinsa sak.

Ranar Asabar ya kira ni.

"Autata, zo ki ga ikon Allah. Wannan keken lafiyarsa ƙalau. To me ya kai ni ɗaura masa ƙyalle?"

Na yi dariya, na ce, "Baffa, tsufa ne ya fara sallama."

Ya taya ni dariyar, amma ba ta kai masa ciki ba. Da yamma ya nemi sunayen mutum ashirin ɗin da aka bai wa kekuna, ya ce zai bi su gida-gida ya sake dubawa. Na ce takardar tana wurin Yaya. Yaya ya ce, "Haba Baffa, kada ka ta da hankalin jama'a a kan zato. Sai a ce mun raba musu mugun abu." Takardar tana cikin jakata.

Kwana tara bayan rabon, wata mata cikin waɗanda aka raba wa, da ake kira Mai Saƙa, ta gangaro hanyar kasuwa a kan sabon kekenta. Kayan sanyin jarirai take saƙawa ta kai shaguna, da shi take ciyar da 'ya'ya biyu. Ta matsa birki a gangaren gada, birki ya ce bai san zance ba. Ta faɗa gefen wata motar kaya. Ba ta mutu ba, amma hannunta na dama ya karye gida uku. Mace ce da hannu shi ne ƙafarta, shi ne kuma abincinta.

Yayanta ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Aka duba keken, aka ga wayar birkin ta daɗe da cinyewa a cikin robarta.

Washegari Yaya ya kawo lauya. Muka zauna a falo, ni da Umma da Yaya, ba a kira Baffa ba tukuna. Lauyan ya buɗe fayil ɗinmu yana girgiza kai.

"Rajistar ƙungiyarku ta ƙare tun bara, ba ku sabunta ba. Inshora kuwa ba ku taɓa yi ba. To ku saurare ni. In aka tabbatar ƙungiya ta san da matsala ta raba, ku ukun nan da sunanku ke takarda, ku za a kama, kowa da wuyansa. In kuwa sakacin mai dubawa ne, to ga sa hannunsa nan."

Ya ɗago takardar da na miƙa wa Baffa a bakin ƙofa.

"Ma'aikacinku ne?"

"A'a," in ji Yaya da sauri. "Ɗan sa-kai ne. Ba ma biyansa."

"Madalla. Hakan ya fi sauƙi."

Idona ya kai bango. Babban hoton ranar rabo, wanda Yaya ya sa a firam ya rataye a saman kujera, babu shi. Sai ƙusa.

Aka kira Baffa. Ya cire takalmi a ƙofa, ya zauna a ƙasa duk da ga kujera, ya gaishe da lauya da hannu biyu. Umma ce ta fara, da muryar nan tata mai laushi.

"Baffan yara, ƙaddara ta riga fata. Babu wanda ya ce ka yi da gangan. Amma ka ga yaran nan marayu ne, kai ka riƙe su. In aka shiga da sunan ƙungiya, shi ke nan an rushe ta, kuma mutum nawa ke jiran keke? Kai dattijo ne, alƙali zai duba furfurarka."

Baffa ya dubi tafin hannunsa.

"Ni dai na san na ɗaura wa bakwai," ya ce. "Amma ɗaya na same shi lafiya lau. Ke nan na tsallake mai ciwon na ɗaura wa mai lafiya." Ya juyo wurina. "Ko ba haka ba, Autata? Ke kika gani."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

Ya ce wa lauyan, "To Allah ya ba ka ikon fitar da ni, ɗana." Lauyan ya gyara zama, bai ce masa shi lauyan ƙungiya ne ba, mu ma ba mu ce ba.

Aka tafi da shi ofishin 'yan sanda da hantsi, aka ba da belinsa da la'asar, da sharaɗin duk Litinin zai je ya sa hannu. Litinin ta farko Yaya ya kai shi a mota. Ta biyu ya ce yana da taro. Daga nan Baffa ya riƙa tafiya a ƙasa, domin ya daina hawa kekensa, wai bai yarda da birkin da shi ya ɗaura ba.

Magana ta zaga unguwa. Rumfar da a da sai ka yi layi ta koma wurin kwanan awaki. Wata safiya ina shara a ƙofar gida wani malamin makaranta, wanda ya fi shekara goma yana kawo wa Baffa gyara, ya zo karɓar kekensa da ya bari a yi masa faci.

"Ban gama ba, Malam," in ji Baffa. "Saura in ɗaure noti."

"Bar shi haka, Baba, sauri nake."

Ya tura keken da taya a saɓule, ya tsallaka titi, ya kai wa mai gyaran da ke can gefen a kan idon Baffa. Baffa ya bi shi da kallo, sannan ya sunkuya yana goge sifanar da ba ta da datti. Ni kuma na ci gaba da sharar wurin da na riga na share.

Sai ya fara shakkar komai. Ya kulle ɗakinsa, ya yi taku biyar, ya dawo ya taɓa kwaɗon. Ya idar da salla ya tambayi na kusa da shi raka'a nawa ya yi. Noti ɗaya sai ya ɗaure ya kwance sau huɗu. Hannun nan da ke zura kaca ido a rufe ya soma rawa, har shayi yana zubar masa a riga. Kullum ni yake kira.

"Autata, na ci abincin rana kuwa?"

"Ka ci, Baffa."

"To. Ki riƙa tuna mini, kin ga kan ya fara tafiya."

Umma ta samu abin faɗa. Duk baƙuwar da ta zo jaje sai ta rage murya ta ce, "Ai dama mun daɗe muna lura, ruɗewar tsufa ce. Mun bar shi da aikin ne don kada ya ji an ware shi." Ranar da na fara jin wannan maganar na tashi na bar musu ɗakin.

Na samu Yaya a falo yana cike takardun sabunta rajista. Na rufe ƙofa.

"Yaya, mu faɗi gaskiya. Mutumin nan zai haukace."

Bai ɗago ba. "Wace gaskiyar?"

"Kai ka ce in cire."

"Na ce ki cire, na ce ki mayar. Wa ya kwance? Wa ya mayar ba daidai ba? Ni ko taɓa ƙyallen na yi?" Ya ajiye biro. "Ke yanzu kika samu aikin koyarwa, ko wata uku ba ki yi ba. Kina ganin za su bar mai shari'a a kotu ta riƙe musu aji? Baffa ya ci zamaninsa, me zai rasa? Rumfa?"

Na tafi wurin Umma ina kuka, ina zaton ba ta sani ba. Ta bari na gama, ta ce, "Na sani tun ranar. Ki rufa mana asiri, Allah ya rufa miki. Shi ɗan'uwan ubanku ne, in bai tare muku ba wa zai tare? Kuma ai ba a raba shi da ɗakinsa ba, abincinsa ma na ƙara masa nama."

Ta ƙara masa kuwa. Kwanon yakan dawo yadda aka kai shi.

Zan so in ce tsoron Yaya ne ya rufe mini baki, ko biyayya ga Umma. Ƙarya ne. Aikina nake so, da sunana, da yadda Baffa yake kirana Autata. Na san ranar da na faɗa, duka ukun za su iya tafiya.

Wata Laraba ya ce in raka shi asibiti ya duba Mai Saƙa. Na kawo uzuri uku, ya ce shi ba zai gane ɗakin ba. Ya sayi lemo a leda. Muka same ta a gado na ƙarshe, hannun a naɗe an rataye shi da ƙarfe, ƙaramar 'yarta tana ba ta ruwa a cokali. A kan akwatin gefen gado ga zare da kwarashi da rabin hular jariri da ba a ƙarasa ba.

Yayanta ya miƙe tsaye. "Kai ne makanikin? Kai ne ka sa hannu?"

"Ni ne," in ji Baffa. Ya durƙusa a kan simintin, tsoho mai shekara saba'in. "Ban zo wanke kaina ba. Na zo ta yafe mini ne."

"Yafiya za ta ciyar da 'ya'yanta? Fita kafin in manta da furfurarka!"

Mai Saƙa kuwa ni ta kalla. Ta tuna ni, domin ni na riƙe mata keken ranar da ta hau, har na ce Allah ya sa ta more shi. Ta ɗan gyaɗa mini kai, irin gaisuwar da ake yi wa mutumin kirki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa Baffa yana riƙe da ledar lemonsa ya ce, "Yana da gaskiya, Autata. Ni ma da ƙanwata ce haka zan yi."

Ranar shari'a lauya ya ja shi gefe a barandar kotu ya ce, "Baba, in an karanta, ka ce ka amsa. Kada ka tsawaita, kada ka kawo zancen wani ƙyalle, zai ruɗa alƙali." Baffa ya ce to. Ya sa farar rigarsa da ya goge da kansa. Aka karanta tuhuma, sakacin da ya jawo wa wata mummunan rauni. Aka tambaye shi.

"Na amsa, ranka ya daɗe. Kaina ne ya ci amanata."

Ina benci na biyu, tsakanin Umma da Yaya. Umma ta riƙe mini hannu gam, ba don lallashi ba. Ba ta ma buƙaci riƙewa ba, domin ko motsi ban yi ba. Alƙali ya yanke masa wata shida, ya ce saboda shekarunsa an jingine ɗaurin, amma laifin ya tabbata a kansa, kuma kada ya sake duba abin hawan wata ƙungiya. Duka-duka minti ashirin.

A mota Yaya ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Ba na gaya muku ba? Ko kwana ɗaya bai yi ba." Umma ta ce Allah ya rufa asiri. Baffa yana gaba, yana kallon titi.

Da muka isa gida bai shiga ɗaki ba. Ya wuce rumfa, ya tattara sifanu da filaya da famfo da gwangwanin gam, ya jera su a akwatinsa na ƙarfe, kowanne a mazauninsa. Ya rufe. Sannan ya zaro wani guntun jan ƙyalle daga aljihu, ya zagaya hannun akwatin sau biyu, ya cusa bakin ta ƙasa. Sai da ya yi sau uku kafin ya ɗauru.

"Baffa, me kake yi?"

"Abin da ya lalace ake ɗaura wa, Autata. Kada wani ya zo ya ce in duba masa keke in manta in karɓa. In na ga wannan zan tuna."

Ban san lokacin da na shiga falo ba. Na san inda Yaya ya ɓoye hoton, a bayan kabad ɗin fayil-fayil, fuskarsa na kallon bango. Na ɗauko shi na fito da shi tsakar rana, Umma tana kirana daga kicin ban waiwaya ba. Na durƙusa a gaban Baffa na ɗora masa a cinya.

"Baffa, duba hannun kekunan."

Ya kawo hoton kusa da idonsa. Ya bi layin gaba da yatsa, ya bi na biyu, har na ƙarshe. Kekuna arba'in, babu ja ko ɗaya.

Na gaya masa komai. Yadda aka ce in cire, yadda na samu shida, yadda na ɗaura na bakwai a inda na ga dama, da takardar sunayen da ke jakata ranar da ya nema. Ina magana ina jiran mari, ina ma roƙon Allah ya mare ni.

Sai na ga fuskarsa ta saki, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka.

"Ashe ban manta ba," ya ce a hankali. "Ashe daidai na ɗaura." Hawaye ya gangaro masa cikin gemu, yana murmushi. "Alhamdu lillahi. Ashe kaina lafiya."

Wannan murnar tasa ita ta fi komai ƙona ni. Wata huɗu ina kallonsa yana tambayata ko ya ci abinci.

Can murmushin ya ɗauke. Ya dube ni sosai, irin duban da yake yi wa wayar birki.

"Ɗaurin nan ni na koya miki."

"Kai ne, Baffa. Ka yafe mini."

"Ranar da na nemi sunayen, saura kwana bakwai hannunta ya karye. Da ƙafata zan bi su, kwana biyu ya ishe ni." Ya miƙo mini hoton. "Nawa mai sauƙi ne. Ba ni za ki fara roƙo ba. Har yanzu tana asibiti, kin san gadon, na ƙarshe ne."

Na je a ranar. Na faɗa a gaban Mai Saƙa da yayanta, na sake faɗa a gaban 'yan sanda, na ba su hoton. Yanzu an ta da maganar daga tushe, sunana da na Yaya da na Umma duk suna ciki. Makaranta ta dakatar da ni. Yaya ba ya amsa gaisuwata, Umma kuwa ta ce na tona wa gida asiri saboda tsohon da ko ɗaure shi ba a yi ba. Wani lauya daban, wanda wannan karon na Baffa ne, ya ce wanke sunan wanda ya amsa laifi da bakinsa ba aikin kwana ɗaya ba ne. Likita kuma ya ce yatsun Mai Saƙa uku ba za su sake lanƙwasa ba. Kada wanda ya yaba mini, ihu ne bayan hari.

Abin da ya sa na rubuta shi ne na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Ƙungiyoyi nawa ne ke tsaye a kan bayan wani Baffa, mai aiki don Allah, wanda ake miƙa wa takarda a bakin ƙofa a ce sa hannu a nan? Ranar hoto yana kasuwa, ranar kotu shi ne a gaba. Ba a yi masa inshora ba, ba a karanta masa abin da ya sa wa hannu ba, kuma rashin biyansa da muke yabo a taro shi ne abin da muka fara nuna wa lauya. Muka ci moriyar ganga muka ya da kwaurenta, kuma ba bare muka yi wa ba, wanda ya yi faci dubu ya biya mana makaranta muka yi wa.

Baffa ya kwance ƙyallen daga akwatinsa. Ya koma rumfa, masu gyara suna dawowa ɗaya-ɗaya, har malamin nan ya zo yana sunkuyar da kai. Rawar hannun ce dai ba ta tafi ba.

Ni nake kai masa abinci yanzu, kuma yana ci. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai sake ta da zancen ba. Jiya na ajiye masa kwano a rumfa, na tsaya ina gyara abin da bai buƙaci gyara ba, ko zai kira ni yadda ya saba. Ya ɗago daga kan tayar da yake yi wa faci, ya dube ni da mutunci, irin wanda ake yi wa baƙo.

"An gode, Sakatariya," ya ce.